Rabin Littafin da Na Naɗe Tsire da Shi

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa na yage rabin littafin wani malamin lakwal, wato makarantar boko, na naɗe tsire da shi. Saura kaɗan wannan ya kashe mutumin. Garin gyara ɓarnar da na yi ne na buɗe baki a gaban jama'a na faɗi maganar tsohuwata, maganar da aka riƙa yi muku gori da ita kuna ƙanana. Ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku yadda aka yi ba. Yau zan faɗa. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ni nake magana, ƙanwarku Mariyama take rubutawa, kuma na ce kada ta yi wa maganata kwalliya.

A lokacin tukubata tana Sabon Gari, a bakin hanya, ƙarƙashin wani itacen bedi. Ina hura wuta bayan azahar, in tashi bayan magariba. Zamani ne na jam'iyyu, kowa da tutarsa, wa da ƙane ba sa cin tuwo kwano ɗaya saboda siyasa. Ma'aikata sun yi watanni ba albashi, lakwal a rufe, yau yajin aiki gobe yajin aiki. Abin da ka saya jiya, yau ka je ka tarar ya ninka. Takardar siminti da muke naɗe nama da ita ta yi wuya, don babu mai gini. Sai muka koma sayen tsofaffin kaye, wato littattafan rubutu, da littattafan karatu a kilo. Doka ɗaya ce gare mu: takardar da ke da rubutun Larabci ba a naɗe nama da ita. Ban iya karatu ba, amma na san wannan rubutun in na gan shi, saboda haka duk abin da aka kawo sai na bubbuɗa na duba.

Wata rana da la'asar wani mutum ya zo da kwali a bayan keke. Rigarsa a goge take, takalminsa a wanke, amma ɗamarar wandonsa an huda mata sabon rami da ƙusa. Ya tsaya ta inda iska ba ta kai masa hayaƙin nama. Ya ce sunansa Isufu, yana koyarwa a wata lakwal a Tsibiri, an ce masa ina sayen takarda. A wajenmu malamin lakwal Mushe ake ce masa. Na auna, na biya shi. Duk tsawon cinikin bai dubi tukuba ko sau ɗaya ba. Ni na fito daga arewa a shekarar babbar yunwa, da ƙafa na shigo Maraɗi, na san abin da na gani. Wanda ya kwana ɗaya bai ci ba idonsa ba ya barin nama. Wanda ya daɗe, kauda kai yake yi. Na zare tsinke ɗaya na miƙa masa.

"Na ci a gida," in ji shi.

Ban matsa ba. Na ci gaba da duba kwalin. Duk littattafan lissafi ne da kaye na yara, sai guda ɗaya mai kauri da aka yi wa riga da takardar siminti gaba da baya. Takardunsa sun yi ja don tsufa. A ciki na ga zanen wani gari, gidaje masu tsawo duk sun ƙone, mutum biyu suna tafiya a tsakiyar titi, namiji da mace.

"Mushe, wanga fa na mine ne?"

"Labari ne. Wani Bature ya rubuta shi tun kafin a haife ni. Labarin bayan duniya ta ƙare."

"Tashin kiyama?"

"A'a. Duniya ta ƙare, amma wasu ba su mutu ba."

Na juya naman da ke kan wuta. Na ce ya karanta mini kaɗan in ji. Ya jingine keke, ya zauna a bakin benci, yana duba Faransanci yana juya shi da Hausa. Wai an yi yaƙi na safiya ɗaya, wuta ta sauko daga sama, manyan birane suka zama toka. Hayaƙi ya rufe rana, shuka ta ƙi fita. Wani mai gyaran agogo da yayarsa suka tsira a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Da abincinsu ya ƙare suka fito suka nufi kudu, suna bin turakun lantarki da babu wuta a cikinsu. Ya karanta har aka kira magariba. Na naɗe tsire da burodi na ajiye kusa da shi. Ya ture.

"Na ce maka na ci."

"Ba kyauta ba ce. Mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, in ya yi aiki ana biyan shi ko ba a biya?"

"Ana biya."

"To kai ma ka yi aiki. Gobe ka dawo, ina son in ji inda suka kwana."

Ya dubi ƙunshin ya daɗe. Sa'an nan ya ɗauka ya ɗaure a bayan keke.

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar Mushe Isufu yana tako keke daga Tsibiri. Na kafa masa sharaɗi: tsinke ɗaya a gabana zai ci, wai don ya faɗa mini ko gishiri ya ji. Na san in ya kai gida duka, matarsa da 'ya'yansa huɗu zai miƙa wa ya ce ya ƙoshi. Ba a yi sati ba bencina ya cika. Akwai Ɗan Jimma, ɗan kabu-kabu, baki gare shi kamar rediyo, wanda yake sauke fasinja da wuri don kada karatu ya wuce shi. Akwai Alhaji Mati, mai motocin kaya da ke ƙetara iyaka, wanda yake zuwa da kansa don bai yarda wani ya zaɓar masa nama ba. Shi da Ɗan Jimma jam'iyyarsu ba ɗaya ba, da can in sun haɗu a wurina sai na shiga tsakani. Amma da Mushe ya buɗe littafi kowa sai ya yi tsit.

"Alhaji," in ji Ɗan Jimma wata rana, "in duniya ta ƙare irin haka, motocinka goma mi za su yi maka? Ko ƙahon akuya ba za a ba ka a kansu ba."

"Kai kuma babur ɗinka da mi za ka zuba mashi? Da surutu?"

"Ni na saba tura shi, Alhaji. Kai yaushe rabonka da tafiyar ƙasa?"

Ni ba na cewa komai sai inda marubucin ya yi kuskure. Da ya ce mai agogo ya yi kwana shida bai ci ba kuma ya yi gudu ya tsere wa karnuka, na ce ƙarya ne. Da ya ce mutumin ya fara tsanar ƙarar taunar yayarsa, har yana ƙirga lomarta da ido yana jin kunyar kansa, na ajiye wuƙa na ce wannan wani ne ya faɗa wa Baturen, ba daga kansa ya ƙago ba. Mushe ya ɗago ya dube ni. A cikin makonnin nan fuskarsa ta fara dawowa. Har dariya ya soma yi.

Littafin a wurina yake kwana, cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin tebur. Inda aka tsaya, Mushe yakan sa tsinken tsire. Tun farko ya ce mini, "Naka ne, ka saya. Abin da muka wuce, in ka matsu da takarda, ka yage." Ban taɓa ba, sai ranar da wata jam'iyya ta yi babban taro a gari. A jajibirin ranar mun kai tsakiyar littafi. Yayar mai agogo ta faɗi a bakin wani busasshen gulbi, ta ce ƙafarta ta ƙare, shi kuma yana tsaye a kanta. Nan magariba ta katse mu. Ranar taron Mushe bai zo ba, hanya ta cushe. Jama'a suka yi mini ca, mai son tsinke biyar, mai son goma, takarda ta ƙare tas ga mutane suna miƙo hannu. Na buɗe akwati na ɗauko littafin. Gaba da baya iri ɗaya, tsinke a tsakiya. Ni duk littafin da na taɓa gani ana buɗewa da girmamawa, a zauren malam na gan shi, kuma daga dama ake farawa. Na ajiye shi yadda malam yake ajiye nasa, na kama daga dama na yi ta yaga har na iso tsinke. Raina fari, ina cewa na bar mana inda za mu.

Washegari Mushe ya zo, benci cike. Na miƙa masa. Ya buɗe, ya juya, ya sake juyawa.

"Illa, wane gefe ka yage?"

"Farko. Wanda muka wuce."

"Ka yage inda za mu, ka bar inda muka fito."

Ɗan Jimma ya fashe da dariya har ya faɗo daga benci. "Sarkin Fawa ya sayar da ƙarshen duniya da yaji da albasa!" Da ya ga fuskar Mushe sai ya haɗiye sauran. Mushe bai yi faɗa ba. Ya rufe abin da ya rage, ya ajiye a kan tebur a hankali.

"To ai ka taɓa karanta shi," in ji Alhaji Mati. "Faɗa muna da ka, a ba ka namanka."

"Ni ba maroƙi ba ne, Alhaji."

Na naɗe ƙunshinsa kamar kullum. Ya ce, "Yau ban yi aiki ba." Ya tura kekensa ya tafi, bai ma hau ba.

Bai zo washegari ba, bai zo jibi ba. Ɗan Jimma ya bi unguwa-unguwa yana tsintar takardu a bola da bakin kwata. Ya samo guda huɗu, mai ya cinye rubutun, ɗaya ma daga bakin akuya ya ƙwato ta. Na ba shi nama ya kai Tsibiri, ya dawo mini da shi ko kwance ƙunshin ba a yi ba. Kwana tara ina hura wuta ina duban hanya. A gida uwarku Tsahara ta gaji da ganina ina juya tuwo a kwano.

"Maigida, kai ka ɓata, kai za ka je. Aike ba ya gyara irin wannan."

"In je in ce mashi mi? Ba ni da wani littafi."

"Ka je dai ka gani da idonka. Kai ka ce ka san kamannin abin."

Rana ta goma ban hura wuta ba. Na ɗauki nama da burodi, Ɗan Jimma ya kai ni Tsibiri da hantsi. Matar Mushe, Rakiya, ta fito zaure. A murhu tukunya ɗaya ce, ganyen tafasa ne a ciki. Keken babu shi, an sayar. Ta rage murya ta ce, "Malam, kwana uku ke nan ruwa kaɗai yake sha. In na kai mashi sai ya ce a ba yara." Na shiga ɗakin. Yana kwance a tabarma da rana tsaka, fuskarsa ga bango. Wannan kwanciyar na san ta. A garinmu na ga maza masu ƙarfi sun yi ta, kuma ba a cika tashi daga ita ba.

"Mushe, na zo."

"Ka koma da abin da ka kawo, Illa. Ban yi fushi da kai ba. Ba ni da abin sayarwa ne kawai."

"Ka faɗa muna ƙarshen da baki."

"Karatu aiki ne, shi aka koya mini. Amma in zauna bakin titi ina ba da tatsuniya ana jefo mini nama, 'yan lakwal ɗina suna wucewa suna gani, gara in kwanta nan."

Na zauna a bakin ƙofa. Akwai abu ɗaya da nake da shi, shekara goma ina riƙe da shi, ko uwarku ban nuna wa ba. Na ce mata tsohuwata a garinmu ta rasu aka yi mata sutura. Na dubi bayan mutumin nan, ƙasusuwan kafaɗarsa sun turo riga. Na auna abin da zan rasa da abin da yaransa za su rasa.

"Rubutu fa? Aiki ne?"

"Aiki ne."

"To tashi ka ɗauko kaye. Ni na yage rabin, ni zan cika shi. Na san abin da mutum yake yi in wanda suke tafiya tare ya faɗi. Ni in faɗa, kai ka rubuta, ka sa sunan mai agogo, ka karanta masu."

Ya juyo a hankali ya dube ni. Ya jawo kaye da fensir. Na kwance ƙunshin na tura masa. Na ce, "Ci tukuna, kada ka ɓata mini rubutu." Ya ci. Sa'an nan na faɗa.

Ga abin da na faɗa masa, kuma ga shi gare ku. Shanunmu sun mutu, ubana ya bi su. Muka ci 'ya'yan anza na daji, muka haƙa gidajen tururuwa muna kwasar ƙwayar da suka tara, har su ma suka ƙare. Ni da Inna muka kamo hanyar kudu. Ta yi kwana huɗu da ƙafarta, na goya ta kwana uku. A rana ta takwas na faɗi da ita sau biyu. Ƙarƙashin wata aduwa ta ce in sauke ta. Ta ce, "Illa, mutum biyu za su mutu nan ko ɗaya? Tafi." Na ce zan je in nemo taimako. Ta ce to. Ni da ita mun san babu taimako. Na juya ta ta fuskanci gabas, na ajiye mata goran ruwa, na rufa mata rigata. Tana da rai na tafi. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan koma in kwanta kusa da ita. Bayan kwana biyu wata motar agaji ta tsince ni a bakin hanya. Sai da ruwa ya sauka na sami ƙarfin komawa. Aduwa ta yi yawa a dajin, ban gane wacce ba.

Yini uku muna wannan aiki. Mushe bai ce mini sannu ba, bai ce Allah sarki ba, kuma na gode masa da haka. Tambaya kawai yake yi, ta mai aiki: ruwan goran ya kai ina, da me na taka ƙasa da takalmina ya tsinke, me na fara ci da aka tsince ni. Kullum yana ci a gabana, ana kai wa yara saura.

Da ya dawo tukuba, Ɗan Jimma ne ya ɗauko shi. Muka ce wa jama'a an samo ƙarshen labarin. Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu, da mai agogo ya durƙusa yana haƙar gidan tururuwa, Ɗan Jimma ya ce, "Kai! Wanga Bature ɗan wajen Dakwaro ne!" Aka yi dariya. Alhaji Mati bai yi ba. Rana ta uku aka zo ƙarƙashin itaciya. Mushe ya karanta yadda mai agogo ya ajiye goran ruwa ya rufa wa yayarsa riga ya tafi. Sai Alhaji ya miƙa hannu ya fizge kayen.

"Wannan ai rubutun hannu ne. Mushe, ashe ƙarya kake shirya muna a gida kana zuwa kana karɓar nama? Kuma ka rasa abin da za ka ƙago sai mutumin da ya yar da 'yar'uwarsa da ranta? Ko kare ba ya haka."

Mushe ya miƙe tsaye. Na ga ya fara gyara rigarsa, irin gyaran da ya yi ranar da ya tura keke ya tafi. Na san in ya bar wurin nan a kan wannan magana, bango zai koma wa, kuma ba ni da wani abin da zan sake fito da shi. Bai dube ni ba. Ba zai tona ni ba ko da zai mutu.

"Alhaji, ba shi kayenshi," na ce. "Bai ƙago komai ba. Ni na faɗa, shi ya rubuta, aikinshi ke nan kuma ya yi shi daidai. Kuma ba yaya ba ce. Uwata ce."

Naman da ke kan wuta ya ƙone, ban juya shi ba. Alhaji ya ajiye kayen a benci kamar ya taɓa garwashi, ya shiga motarsa. Wasu suka bi bayansa ɗaya-ɗaya.  Na ce, "Mushe, zauna ka ƙarasa, magariba ba ta yi ba." Ya zauna ya ƙarasa wa mutum biyar da suka rage.

Maganar ta riga ni isa gida. Na tarar da Tsahara zaune a tsakar gida, ba ta ɗora tukunya ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Shekara tara ina yi wa kabarin da babu shi addu'a." Sati biyu ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. Ba barin tsohuwar ne ya fi yi mata zafi ba, ita ma ta ga shekarar. Abin da ya ci mata rai shi ne 'yan bakin titi sun riga ta ji. Tana da gaskiya. Ranar da ta sauko, ta ajiye mini fura ta ce, "Mi ne sunanta na yanka?" Na faɗa mata. Da aka haifi ƙanwarku, wadda take riƙe da alƙalamin nan, uwarku ce ta zaɓi sunan.

Alhaji Mati bai sake tsayawa a tukubata ba har ya rasu, kuma naman sunan gidansa da na bikinsu, da ni nake yi, ya koma hannun wani. Abokansa suka bi shi. A bakin famfo aka riƙa ce muku jikokin wadda aka yar. Sale, na san ranar da ka dawo da haƙori a karye, na san a kan me ka yi faɗan, na yi kamar ban sani ba. Wannan ni na jawo muku, kuna ƙanana ba ku san hawa ba ba ku san sauka ba. Ku yafe mini. Amma ku sani ba a gidan giya aka ji maganar ba, ba kuma wani ne ya tona ni ba. Ni na faɗa da bakina, da rana, kuma da za a maido ni wurin zan sake faɗa.

Akwai abin da ban zata ba. A cikin mutum biyar da suka rage ranar akwai wani tsoho ɗan ga-ruwa da ban taɓa jin muryarsa ba. Da kowa ya watse ya tsaya yana gyara igiyar garwarsa. Ya ce, "Ni ɗiyata ce." Ya ɗauki garwa ya tafi. Bayan shi wasu sun zo, ɗaya yau, ɗaya bayan wata guda, su sayi tsinke ɗaya su tsaya har wuri ya yi sarari. Ashe Sabon Gari cike take da mutanen da duniyarsu ta taɓa ƙarewa, kowa yana tsammanin shi kaɗai ne.

Mushe Isufu bai sake fashi ba. Da labarina ya ƙare ya rubuta na tsohon, ya rubuta na wasu, yana sake musu suna. Haka ya ci da iyalinsa har aka buɗe lakwal, albashi ya fara fitowa. Na ɗauka shi ke nan. Sai ga shi wata Asabar da wani tsohon littafi irin na farko, ya samo a wurin masu baza littattafai a ƙasa. A wannan annoba ce ta share mutane. Bayan shi ya kawo wanda teku ta cinye ƙasa, da wanda ƙanƙara ta rufe komai. Shekaru muna yi. Sojoji suka karɓi mulki, aka maido farar hula, aka sake karɓa, bencina bai taɓa zama babu kowa ba ranar karatu. Yanzu ga shi jikokina suna kallon irinsu a waya.

Mariyama ta tambaye ni me ya sa mutum irina, da ya ga na gaske, zai zauna a karanta masa na ƙarya. Ga amsata. Duk labaran da na ji tun ina yaro, in masifa ta zo labari ya ƙare. Waɗannan daga nan suke farawa. Ba sa tsayawa tambayar laifin wane ne. Suna tambayar mutumin da ya farka washegari, me ya ci, ina ya nufa, kuma in ya haɗu da mutane zai iya zama cikinsu ko ba zai iya ba. Waɗanda suka rubuta su tsoron abin da bai same su ba suke yi, suna kuskure da yawa, ba su san nauyin mutum a bayan mai yunwa ba. Amma sun zauna a ƙasarsu mai sanyi sun yi tunanin mutum irina, ba su kuma kore shi daga cikin mutane ba. Kafin littafin nan babu wanda ya yi mini haka. Na gode musu, ko da ban san sunan ko ɗaya ba.

Sau ɗaya na tambayi Mushe abin da mai agogo ya yi a takardun da na yage. Ya ce shi ma ya bar ta ya tafi. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa mini ko tausayi. A cikinku akwai masu Faransanci da za su iya nemowa. Wanda ya nemo ya riƙe abinsa.

Yanzu ina Jiratawa, a gidan Sale. Hayaƙin tukuba ya ci idona, na bar wuƙa. Da safe ana kai ni bakin fadama in zauna kusa da zogale, in ji ruwa yana bin kwalbati. Uwarku tana nan, tana faɗa da ni a kan gishiri. Mushe Isufu ya yi ritaya a Tsibiri, 'ya'yansa huɗu duk sun girma, biyu suna koyarwa. Ya yi ƙiba har likita ya hana shi nama. Ranar Juma'a ɗansa yana kawo shi nan a mota, mu ci a ɓoye.